Baƙar Kwalbar Gwaggo Tasalla

Ku gyara zama. Kai Sidi, mayar da wayar nan aljihu, ba guduwa za ta yi ba. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga bencin nan sai ya faɗi nasa. Kun san ni, shekara arba'in ina gyaran rediyo, na ji surutun 'yan jarida har kunnena ya gaji. Da wani ya ce mini wata rana zan zauna ina yabon uku daga cikinsu, da na ce a kai shi a duba kansa. To ga shi yau zan yi, kuma da zuciya ɗaya.

Can birninmu, kafin in dawo nan wurin ɗana, a Unguwar Kanya nake zaune. Akwai wata tsohuwa da muke kira Gwaggo Tasalla, mai koko. Shekara talatin da shida tana dama koko a bakin lungu ɗaya, a wani ɗan gida da mahaifin mai unguwa ya ba mijinta aro tun suna da jajayen sawu. Mijin ya rasu, ta ci gaba da zama. Duk wanda ya girma a unguwar nan da kokonta ya girma, har da mai unguwa Sallau kansa.

Da damina ta yi tsakiya, sai ciwon ciki ya shigo mana, amai da gudawa. Gida-gida yake bi. Yara suka kwanta, manya suka kwanta, wani dattijo mai sayar da goro ya rasu. Mutane suka fara neman wanda za su ɗora wa. Aka zauna aka yi lissafi irin namu, aka ce duk wanda ya kwanta ya sha kokon Tasalla. To, jama'a, wa ne ne bai sha ba? Amma ba wanda ya yi wannan tambayar, har ni mai ba ku labari. Aka daina saye. Aka daina amsa mata gaisuwa. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta biyo lungu. Kullum da sassafe sai ta hura wuta ta dama, ta zauna har hantsi ya dubi ludayi, ta kwashe ta zubar.

Ana cikin haka malaman kwalejin kimiyya na birnin suka shirya wani abu da suka sa wa suna Makon Kimiyya a Ƙofar Gida. Suka ce sun gaji da rufe ilimi a aji, za su fito da shi titi. Suka kafa rumfuna a kasuwa da tashar mota da filayen makarantu, unguwa-unguwa. Nan ga madubin da ke mayar da ƙafar sauro kamar itacen girki, can ga na hangen wata, can kuma ana nuna yadda rana ke kunna fitila. Babban aikin shi ne gwajin ruwa, kuma shugabansa wani siririn mutum ne mai haƙuri, Dakta Lirwanu. Za a ba ka 'yar kwalba da magani a ciki, ka zuba ruwan da kuke sha a gida, a ajiye kwana biyu. In ruwan na da ƙazantar da ke sa ciwon ciki, sai ya yi baƙi ƙirin. In lafiya yake, ya zauna yadda yake.

Akwai kuma wasu 'yan jarida mata uku, aminan juna tun daga makaranta, waɗanda aka tura su ɗauko labarin makon. Hindatu tana gidan rediyo. Lubabatu tana rubutu a jarida. Suwaiba kuwa kyamara take ɗauka, tana sa hotunanta a waya gari ya kalla. Ku riƙe sunayen nan, a kansu za ku yi musu.

Mu fara da Hindatu. Ranar farko ta zagaya rumfunan nan ta tarar ba kowa sai malamai suna korar ƙuda. Wasu sun ce taron siyasa ne, wasu sun ce allura za a yi wa mutane, wasu sun ce ƙidaya ce ta haraji. Shugabanta ya ce ta karanta jawabin manyan baƙi ta huta. Ta ce a'a. Tana da shirin gaishe-gaishe na hantsi, wanda ko mai niƙa sai ya rage ƙarar injinsa in an fara shi. Ta ɗauki wannan lokaci nata sukutum ta ba kimiyya, har mako guda. Ta zaunar da Dakta Lirwanu gaban makirfo, in ya kawo wata kalma mai nauyi sai ta tare shi ta ce, "Dakta, kakata na saurare, sake faɗa mata." Sai ya sake, ya sake, har maganar ta fito da Hausar da ake sayen daddawa da ita. Wallahi ni da ke cikin rediyoyi goma a shago, duk na mayar da su tasha ɗaya. Kafin kwana biyu rumfuna sun cika maƙil, dattawa na ture juna don su leƙa ƙafar sauro.

A cikin shirin nan ne wata murya ta bugo waya, tana rawa. Mu 'yan Unguwar Kanya muka gane ta nan take, Gwaggo Tasalla ce. Ta ce, "'Yar nan, wannan kwalbar taku, tana faɗin gaskiya ko a kan wadda ba ta da kowa?" Hindatu ta ce, "Gwaggo, kwalba ba ta san gidan kowa ba. Kawo ruwanki, ni zan tsaya miki." Kuma ta cika. Ran Litinin ta zo filin makarantarmu da kanta. Da mutane suka fara gunaguni kada tsohuwar ta matso kusa da teburi, sai ta kama hannunta ta ratsa da ita ta tsakiyarsu, kai a sama, har gaban malamai.

Amma ga inda gizo ya yi saƙa. Malaman nan mutanen littafi ne, sun saba komai a rubuta masa suna. Suka ce kowace kwalba a manna mata sunan maigida, a jera a kan teburi a fili kowa ya gani, Hindatu kuma ta sanar a rediyo da kyakkyawar niyya. Haba! Ba su san mu ba. Wace mace ce za ta yarda a ga sunan mijinta a jikin baƙar kwalba, surukai na wucewa, masu neman auren 'yarta na leƙe? Sai kowane gida aka sayo ruwan leda a ɓoye, aka ɓula, aka tsiyaya a kwalba, aka kai da fara'a. Kowa na zaton shi kaɗai ya yi dabara. Kada ku dube ni haka. E, har da gidana, kuma ni na sayo ledar da hannuna. Mutum ɗaya tak ya kai ruwan randarsa na gaskiya, ita ce Gwaggo Tasalla, don ita ba ta da sauran kunyar da za ta ɓoye.

Ran Laraba muka taru. Kwalba sittin da uku reras, farare fat, suna ƙyalli. Ɗaya a ƙarshen layi baƙa wuluk, da sunanta a jiki. Filin ya ɗauki hayaniya. Dakta Lirwanu na ɗaga hannu yana cewa a dakata, ba wanda ya saurare shi. Aka ce ai ga shi, har ilimin boko ya shaida. Mai unguwa Sallau ba mugu ba ne, amma jama'a sun taso masa. Ya ce mata, ba ya ko iya duban idonta, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Na ba ki kwana bakwai ki bar gidan nan." Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon kwalbar, sannan ta juya ta ce wa Hindatu, "Ke kika ce in kawo."

Yanzu ga Lubabatu. Ita ba ta da zaƙin murya, magana ma ba ta dame ta ba, sai kallo da ɗan littafi a hannu. Sauran 'yan jarida suka ruga da labari mai daɗi: ruwan Unguwar Kanya lafiya lau, an gano inda cuta take. Editanta ya bugo mata waya ya ce ya riga ya tsara kanun labari, wai kimiyya ta tona asirin mai koko, ta aiko da sauran. Ta ce ba za ta sa sunanta a ƙarƙashin wannan ba sai ya ba ta kwana biyu. Ya yi faɗa, ya ce wasu za su riga su. Ta ce su riga.

Tambaya ɗaya ta hana ta sukuni. Ta tsayar da wani mai kurar ruwa ta ce, rijiya nawa ce a unguwar nan? Ya ce ɗaya, ta bakin masallaci, famfo kuwa ya shekara bai kawo ba. To ta yaya rijiya ɗaya za ta ba gida sittin da uku ruwa mai kyau, ta ba gida ɗaya mai cuta? Ta shiga shagon mai kayan masarufi ta sayi ashana, suna hira ya ce mata bai taɓa cinikin ruwan leda irin na ran Litinin ba, kafin azahar ya ƙare ƙaf. Ta rubuta.

Sai ta fara shiga gidaje, inda namiji ba zai wuce zaure ba. Ba ta zo da tuhuma ba. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta taya wannan tsinke zogale, ta riƙe wa waccan jariri. Gida na farko aka rantse mata, na biyu aka kore ta. A na tara ne wata mata ta rufe fuska da mayafi tana dariyar kunya ta ce, "Ke dai bari, 'yar'uwa. Da wane ido zan dubi uwar mijina?" Daga nan bakuna suka buɗe. Kafin yammacin Juma'a mata ashirin da ɗaya sun gaya mata gaskiya, ta yi wa kowacce alkawarin ba za a ji sunanta ba, kuma har yau ba a ji ba. Ita ce kuma ta auna da ƙafarta, ta ga taku goma sha biyu ne kacal tsakanin rijiyar da sabon masai da 'yan kwamitin masallaci suka haƙa da rani don taimakon masallata.

Ran Asabar jarida ta fito. Ba ta zagi kowa ba, ta jera abin da ta gani da abin da ta ji, ɗaya bayan ɗaya. Dakta Lirwanu ya karanta ya dafe kai, ya ce kuskuren nasu ne da suka manna sunaye, ya kwashi sababbin kwalabe ya nufo unguwarmu. Sai dai a unguwar, jaridar ba ta motsa kowa ba. Mutum nawa ke karanta ta? Waɗanda aka karanta wa kuwa suka harzuƙa. Rijiyar nan kakan mai unguwa ya haƙa ta, babban malami, da ruwanta aka yi wa kowannenmu wankan haihuwa. Aka ce 'yar jarida ta ci mutuncin matan unguwa da rijiyar Malam don ta sayar da takarda. Aka ce in Dakta ya tafi da ruwa ofishinsa, wa ya san abin da zai zuba a ciki? Mai unguwa ya ce maganarsa na nan, ran Laraba Gwaggo ta tashi.

Sai Suwaiba. Ita gajeriya ce, mai tsiwa, kyamarar ta kusa rinjayarta. Ran Lahadi da safe ta je ta kafa ƙafafun kyamara a bakin rijiya. Samari suka yi mata caa, wani ya fizgi igiyar kyamarar ya ce zai jefa ta cikin rijiya. Ta rungume kayanta ta ce, "Jefa mu tare." Aka yi cirko-cirko har mai unguwa ya fito. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo in ce rijiyar kakanka na da laifi ba. Kai za ka ja guga da hannunka, kai za ka zuba, kai za ka rufe. Kwalaben ba za su bar zaurenka ba. Ni da Dakta ba za mu taɓa su ba. In sun zauna fari, ni zan fara gaya wa duniya ƙawata ta yi ƙarya." Mutumin ya yi tunani, ya ga ba inda za a cuce shi, ya ce a kawo guga.

Kwalba biyu ya cika. Ɗaya daga rijiya kai tsaye. Ɗaya kuma ya aika aka ɗebo daga tukunyar Gwaggo, ruwan da ta tafasa za ta dama koko, aka bari ya huce. Ya rufe su da hannunsa ya ɗora a kan taga cikin zaure, ya sa liman ya shaida. Suwaiba ta saita kyamara a kansu ta kunna kai tsaye, ta rantse ba za ta kashe ba ko na ƙiftawar ido, don kada wani ya ce an sauya. Da wuta ta ɗauke, ta aika rumfar malamai aka aro mata faifan sola da batir. Can ta tare a soron, ita da ƙanwar mai unguwa, abinci ma a gefen kyamara take ci.

Ikon Allah! Ku zo ku ga birni guda ya bar aikinsa yana kallon kwalba biyu da ba sa yin komai. Teloli sun jingine waya a kan keke, 'yan achaba na tsayawa su leƙa, mahauta na gardama. Sidi, da kana can da ka ƙare kuɗin katinka. Ran Litinin da la'asar wani ya ce ya ga ta dama ta fara dusashewa, aka ce idonsa ne. Ran Talata da hantsi ba sauran musu. Ruwan rijiya ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ruwan Gwaggo na nan garau.

Abin da ya fi burge ni da yarinyar nan shi ne abin da ta yi bayan haka. Ba ta juya kyamara kan fuskar kowa ba, ba ta ce ai na gaya muku ba. Ta matsa gefe ta ce, "Ranka ya daɗe, jama'arka na jira, daga bakinka ya kamata su ji." Mai unguwa Sallau ya tashi ya tsaya gaban kyamara, ya ce a rufe rijiya har a gyara, a cike masai a sake masa wuri, kowa ya tafasa ruwan sha. Sannan ya ce, "Ashe duk daminar nan, abin da ya fi tsabta a unguwarmu shi ne kokon da muka ƙi sha."

Daga nan bai koma gida ba, lungun Gwaggo ya nufa, muka bi shi zugui-zugui. Muka tarar ta ɗaure kayanta tsaf, tukwane a kife, ɗanta Ilu direba ya zo daga ƙauyen da yake zaune da a-kori-kura yana lodi. Mai unguwa ya cire takalmi ya tsuguna a gabanta. Mu ma muka tsuguna. Ni dai ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, duk ta san ranar haihuwar rabinmu. A lokacin ne ta fashe da kukan da ta riƙe wata biyu. Da ta share ido sai ta ce wa ɗanta, "Ilu, sauke mini tukunyar nan, gero na jiƙe." Cikin mako biyu ciwon ya bar unguwa.

To ga shari'ar. Washegari, Larabar da aka ce ta tashi, matar Ilu ta haifi 'ya mace. Ilu ya zo ya ce, "Inna, sunan nan naki ne, ki zaɓa." Ta ce ba ta da gona ba ta da zinariya, amma tana da wannan. Za ta sa wa jikarta sunan wadda ta wanke ta a idon duniya, yarinyar ta tashi ana kiranta da shi har ta tsufa. Ta aika aka kirawo 'yan jaridar nan su ukun, ta zuba musu koko, ta gaya musu.

Hindatu ta ce ita ba ta cancanta ba, bakinta ne ya jawo baƙar kwalbar. Aka ce mata, in ba don ke ba, da rumfuna sun tashi ba kowa, da ba wanda ya san abin da baƙin ruwa ke nufi, da tsohuwar na nan tana zubar da koko har a kore ta shiru, ba shaida ba komai. Lubabatu ta ce ita rubutu kawai ta yi, kuma ba wanda ya yarda da shi. Aka ce mata, in ba don ke ba, da gwajin farko ya zama hukunci, da Dakta bai dawo ba, da ba wanda ya kalli rijiya, muna ta sha muna binne mutane. Suwaiba ta ce ita kyamara kawai ta kunna a kan abin da wasu suka gano. Aka ce mata, in ba don ke ba, da gaskiyar na nan kwance a takarda, motar Ilu kuma ta tashi ran Laraba.

Ilu ya ce ko a haɗa sunayen uku. Gwaggo ta harare shi ta ce, "Jikar tawa motar haya ce da za a cika ta da fasinja? Yarinya ɗaya, suna ɗaya."

Na halarci sunan, na ci tuwo, na ji abin da liman ya raɗa. Amma ko za ku kwana nan ba zan faɗa ba sai na ji naku. Ga wadda ta tara jama'a ta ba tsohuwa ƙarfin zuciyar kai ruwanta. Ga wadda ta ƙi yarda da abin da kowa ya gani da idonsa, ta tono gaskiya. Ga wadda ta sa masu taurin kai irinmu suka gani har suka durƙusa. Ku sa kanku a wurin Gwaggo Tasalla, jaririya na hannunku, liman na jira a ƙofa: Hindatu, Lubabatu ko Suwaiba, sunan wa za ku faɗa masa?